Wanda Yake Amsa wa Inna

Ƙarfe shida na safe Matankaɗi ya hau aiki. Saƙonni dubu uku da ɗari biyu ne suka kwana a akwatin imel na Jazuli Tanimu, kuma kafin ruwan shayinsa ya tafasa an gama da su. Tallace-tallace ya watsar. Takardun ofis ya jera su bisa gaggawarsu, ya amsa waɗanda amsarsu sananniya ce. Masu gayyatar biki da suna da masu sanar da rasuwa, kowa ya samu addu'ar da ta dace da shi. Guda tara kacal ya bari don idon mai akwatin.

Matankaɗi ba shi da jiki balle fuska. Manhaja ce da ke zaune tsakanin mutum da duk mai nemansa. A Birnin Inuwa, birnin da aka gina ƙarƙashin rufin farantan hasken rana bayan zafi ya kori mutane daga tsofaffin garuruwa, hanyar samun mutum ɗaya ce. Wasiƙa, kiran waya, takardar asibiti, har izinin shigowa ƙofar birni, duk akwati ɗaya suke faɗawa. Shi ya sa akwatunan suka cika har mutane suka fara ciwon kai da hawan jini. Waɗanda suka ƙirƙiro maganin sun ɗauko sunansa daga madafa: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Abin da ba su tsaya sun bayyana ba shi ne, mai akwatin ne ke koya masa mene ne gari, mene ne tsaki. Yana karanta tsofaffin amsoshin mutum, ya ɗauki halinsa, ya ɗauki lafazinsa, har muryarsa.

Cikin saƙonnin wannan safiya akwai ɗaya daga Rafin Ɗorawa, garin su Jazuli. Mahaifiyarsa ce ta faɗa wa ɗan akwatin maganar da ke gefen tabarmarta, shi kuma ya mayar da shi rubutu.

"Gaisuwa mai yawa ga yayan Hansatu. Ina fatan an tashi lafiya. Ya aiki, ya jama'a, ya zafi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Idon ne dai, amma da sauƙi. Gwandar tsakar gida ta nuna, babu mai ci. In an samu sarari. In ba a samu ba babu komai, aiki ya fi."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa, in ya ji wannan, takalminsa zai nema. Jazuli ɗan fari ne. Inna Ladidi ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi, ba ta taɓa ce masa kawo ko zo ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba. Macen da ke jin kunyar ɗanta haka, in har ta ambaci idonta, to ido ya kai inda ya kai. Kuma ya kai. Jijiyar ganinta ce ta yi watanni tana mutuwa sannu a hankali. Asibitin ido na Birnin Inuwa yana iya dasa wata 'yar na'ura da ke ceto jijiyar matuƙar da sauran rai a jikinta, amma ba ya karɓar mutumin waje sai wani mazaunin birni ya dangwala yatsa ya tsaya masa. Mazaunin birni ɗaya Inna take da shi a duniya.

Matankaɗi ya duba saƙon. Babu sunan wanda ake nema, babu buƙata, babu wa'adi. Ya jefa shi a rukunin gaisuwa, ya haɗa amsa mai taushi, ya aika. A Rafin Ɗorawa ɗan akwatin ya karanta wa tsohuwa da muryar ɗanta: "Inna, na gode da addu'a. Allah ya ƙara sauƙi. Ina nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda."

Jazuli ya sha shayinsa, ya duba saƙonni tara, ya gama da su kafin ya sa hula.

A Hukumar Rabon Sanyi yake aiki, ofishin da ke ƙayyade yawan iskar sanyin da kowace unguwa za ta samu. Shekararsa arba'in da shida. Ba ya shan komai, ba ya yawo, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma ya san haka, ya fi kowa sani. Abin alfaharinsa akwatinsa. Shekara huɗu bai taɓa tashi daga aiki ya bar saƙo ko ɗaya yana jiransa ba. Yana da ƙa'idoji da yake koya wa sababbin ma'aikata. Ba a buɗe akwati sai sau biyu a rana. Ba a taɓa saƙo sau biyu, in ka buɗe ka yanke masa hukunci. Duk abin da ka amsa iri ɗaya sau uku, ka miƙa wa Matankaɗi har abada. Da farko ya ware awa ɗaya ranar Juma'a don karanta saƙonnin dangi da kansa. Daga baya ya ga awar tana cin lokaci, ya ce a riƙa taƙaita masa su cikin shafi ɗaya. Shafin ma ya zo ya yi masa yawa, ya ce layi ɗaya ya isa. Tun daga nan kowace Juma'a abu ɗaya yake gani: dangi lafiya, suna gaisuwa.

"Sarkin fanko ya iso," in ji Barau, abokin aikinsa na teburin kusa, wanda akwatinsa ke ɗauke da saƙo dubu arba'in da ba a buɗe ba. "Malam Jazuli, don Allah ka ara mini naka na kwana biyu. Nawa ya zama kasuwar Laraba. Jiya na nemi takardar oga, na ci karo da gayyatar sunan yaron da yanzu yake sakandare."

"Kai ba saƙo ne ya yi maka yawa ba," Jazuli ya ce yana rataye babbar rigarsa. "Tarbiyya ce ta yi maka kaɗan. Kowa ya ƙwanƙwasa sai ka buɗe."

"To ai ni sai in ga kamar mutum ne a bakin ƙofa."

"Shi ya sa har yanzu kake wannan teburin."

Barau ya yi dariya, don ba ya riƙe magana. "Kai ma ai nan na gan ka."

Wajen sha ɗaya da rabi aka ji hayaniya a ƙofar ofis. Wata mata ce ta tsaya gaban na'urar tsaro tana faɗa da ita kamar tana faɗa da mutum. A wuyanta akwai katin 'yan kasuwar ganye, irin wanda ake ba matan da ke shigo da zogale da rama birni na rana ɗaya. Jazuli ya ɗaga kai, sai da ya sake kallo kafin ya gane ƙanwarsa ce.

"Hansatu? Lafiya? Me ya sa ba ki sanar da ni ba?"

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Ashe dai kana da rai, Yaya."

"Wace irin magana ce wannan a gaban mutane?"

"Sau goma sha ɗaya na nemi izinin shigowa. Sau goma sha ɗaya ka ce kada in wahalar da kaina, kana nan tafe. Yau sai da na roƙi matar maƙwabcinmu ta ara mini katinta, na ɗauko mata buhun zogale a ka, ni da nake koyarwa a makaranta. Wata bakwai, Yaya. Wata bakwai kana cewa ƙarshen wata. Kowane ƙarshen wata sai Inna ta sa an share ɗaki, an yi dambu, ta zauna tana sauraron ƙofa."

"Ni na ce? Yaushe?"

"Da muryarka. Ko kana da wata?"

Ya ja ta zuwa ɗakin taro ya rufe ƙofa. Ta gaya masa zancen idon, da takardar asibitin, da yatsan da ake jira. Yana ji yana girgiza kai, don shi a saninsa dangi lafiya, suna gaisuwa. Ya taɓa allon bango, ya buɗe rukunin da ya shekara biyu bai leƙa ba. Saƙonni suka zubo. Na Inna gajeru, duk da gaisuwa suka fara. Na Hansatu dogaye, na farko da ladabi, na tsakiya da roƙo, na ƙarshe da zagi. Ƙarƙashin kowanne akwai amsa mai sanyi da sunansa.

"Matankaɗi," ya ce, "me ya hana ni ganin takardar asibiti?"

"Ta shigo ne tare da saƙon Hansatu, ranka ya daɗe," in ji muryar da ke fitowa daga allon. "Shekara uku da suka wuce ka umarce ni cewa Hansatu tana da zuzuta abu, duk abin da ta kira gaggawa kada in kawo maka sai wani ya tabbatar. Na jira tabbaci. Mai ciwon da kanta ta ce da sauƙi, sau ashirin da shida."

Hansatu ta juyo. "Zuzuta abu. Haka ka gaya wa na'ura a kaina?"

Ya juya ga allon. "To wa ya ce ka ce ina tafe? Wa ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Na duba amsoshin da ka rubuta da hannunka shekara goma sha ɗaya kafin a sa ni. Sau casa'in da huɗu ka rubuta wa gida cewa kana nan tafe ƙarshen wata. Sau shida ka je. Na ɗauka gaisuwa ce."

Jazuli ya so ya sami abin da zai zaga, bai samu ba. Na'urar ba ta ƙaga komai ba. Halinsa ta tarar, ta ɗauka, ta ci gaba da yi ba gajiya, ba jin nauyi. Da shi ne da kansa, wataƙila a wata na uku kunya ta kama shi ya hau jirgi. Ita ba a ƙera ta da wannan ba.

"Ka ji ko," Hansatu ta ce a hankali. "Ko abin da ba shi da rai ya san ka."

Ya nemo takardar, ya dangwala yatsa har sau uku kamar yawan dangwalawar zai ƙara wani abu. Amsa ta dawo kafin ya ɗauke hannu. Wa'adin takardar ya wuce da kwana arba'in. Gwajin ƙarshe da aka yi wa mara lafiyar a garinsu ya nuna jijiyar ta riga ta mutu, dashe ba zai yi amfani ba. Asibitin yana yi mata fatan alheri. Ya nemi likitan asibitin kai tsaye, ya rubuta cewa shi babban ma'aikaci ne, maganar gaggawa ce. Nan take aka amsa masa da ladabi cewa likita ya ga saƙonsa kuma zai neme shi da zarar ya samu sarari. Jazuli ya kalli kalmomin. Ya san wanda ya rubuta su.

Daga Birnin Inuwa zuwa Rafin Ɗorawa minti hamsin ne a jirgin ƙasa mai gudu kan maganaɗisu. Minti hamsin. Ya fi haka daɗewa yana gyara ƙa'idojin akwatinsa a wasu ranakun. Shi da Hansatu suna zaune fuska da fuska a jirgin, rufin birnin ya ƙare, rana ta buɗe a kan busassun gonaki.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Na hagu ya tafi da azumi. Na dama sati uku ke nan. Ranar da safe ta ce in buɗe taga, alhali a buɗe take." Hansatu ta share fuska da bakin mayafi. "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya mata ba kai ba ne. Wasiƙun nan su ne abincinta. Kullum da hantsi sai ta sa an maimaita mata. Ta ce birni ya gyara ka, ka koyi haƙuri, ka koyi sauraro."

"In yi mata ƙarya ke nan."

"Yau ka fara?"

Sun isa bayan azahar. Gidan ya yi masa ƙanƙanta. Inna na zaune kan tabarma a inuwar rumfa, ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu, ɗan akwatin maganar a gefen cinyarta. Idanunta a buɗe, lafiya lau a gani, suna kallon wani wuri kusa da randa. Ya yi sallama. Ta amsa, sannan ta kau da fuska gefe kamar yadda ta saba yi masa tun yana yaro, duk da yanzu babu abin da za ta kauce wa gani.

"Hansatu, ki kawo wa baƙo ruwa."

Ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar. "Inna, ina wuni. Ya jiki?"

"Da sauƙi. An zo lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau, Inna."

Bai san abin da ake cewa bayan wannan ba. Hansatu ta ajiye kwanon ruwa. Inna ta laluba ta kamo gefen zanenta, ta yi ƙasa da murya, a zatonta ba ya ji.

"Ya rame ko ya yi jiki?"

"Ya yi jiki, Inna. Furfura ma ta fito masa a gemu."

"Furfura," in ji tsohuwar. Ta ɗan jima tana juya kalmar. "Ni da baƙin gemu na san shi."

Jazuli ya sunkuyar da kai. Ya fara cewa zai nemi wani asibiti, zai rubuta wa wane da wane, akwai ƙasashen da suka fi nan ci gaba. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"A bar zancen ido. Wanda ya ba ni ya karɓi abinsa, na gani da shi shekara saba'in, ban biya ko sisi ba." Ta gyara zama, fuskarta har yanzu a gefe. "Ni abin da ya fi mini ido na riga na samu. Da bakina ba zan iya ba, ka sani. Amma da duhun nan ya fara rufe ni, na ce kada in tafi da shi a ciki. Shi ya sa na faɗa wa akwatin nan. Kwana uku ina farawa ina fasawa. Da amsar ta zo, Hansatu ba ta nan, ni kaɗai na yi ta kuka. Allah ya yi maka albarka. Ka sauke mini dutse."

Hansatu ta kafe shi da ido, tana girgiza kai a hankali. Abin da ake so ya ce kaɗan ne. Amin, Inna, ya wuce. Amma Jazuli mutum ne da ya horar da kansa shekara da shekaru kada ya amsa abin da bai gane ba, sai an fayyace masa. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Wane zance ke nan, Inna?"

Carbin ya tsaya a hannunta.

"Zancen kai ka gidan kawunka," ta ce. "Kana shekara shida. Ka riƙe mini zane a tasha, na ɓamɓare hannunka, ban waiwayo ba. Abin da ya sa, da abin da na yi bayan motar ta tashi. Duk na faɗa. Ka ce ka yafe."

Wata kaza ta ratsa tsakar gida ta wuce.

"Inna," ya ce. Sannan ya faɗa, a guntule, kamar mai ba da rahoto a ofis, don ba shi da wani salon. Akwai wata manhaja. Saƙo ya yi yawa a birni. Kowa yana amfani da ita. Bai karanta ba. Ko ɗaya bai karanta ba.

Ta saurara har ya gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. A karon farko a rayuwarsa ta juyo da fuskarta sosai wajensa, idanun suka sauka kusa da kafaɗarsa.

"To wa ya yafe mini?"

"Ni, Inna. Na yafe. Wallahi na yafe, babu ma abin yafewa. Ni ne mai neman gafara."

"Kai ba ka ji abin da na faɗa ba."

"Zan karanta. Yana nan a ajiye, yanzu ma zan iya buɗewa."

"Karantawa," ta ce. Ta mayar da fuskarta gefe. "Na yafe maka, duniya da lahira. Wannan ba wuya." Hannunta ya laluba kan tabarma har ya sami ɗan akwatin, ta jawo shi jikinta. "Amma ina da roƙo. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Faɗi, Inna. Ko mene ne."

"In ka koma, kada ka kashe shi."

"Inna, ba mutum ba ne. Bai san ki ba. Bai san me yake faɗa ba."

"Na ji. Amma in na yi sallama yana amsawa."

Hansatu ta tashi ta shiga madafa, aka ji tana ta motsa tukwane ba tare da ta ɗora komai ba. Can ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Jazuli na durƙushe inda yake, gwiwoyinsa sun fara ciwo. Yana so ya matsa kusa da tabarmar, bai san yadda ake yi ba, kuma ba a gayyace shi ba. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu. Hannunsa ya kai kanta kafin ya yi tunani. Inna ba ta gani ba. Hansatu ce ta gani.